Ya gayyace ni otal, bai kai ni gidansa ba

Tambaya: Shekara shida ke nan ina sarin yadi a hannun wani Basine a birnin Guangzhou. Bana ya gayyace ni cin abincin jajibirin sabuwar shekararsu tare da iyalinsa, amma a wani babban otal. Abin ya ɗan tsaya mini a rai, don a wurinmu wanda ka ɗauka ɗan'uwa gida kake kai shi. Kuma ina tsoron abin da za a ajiye mini a faranti. In je? Ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano.

Amsa: Alhaji, ka je, kuma ka cire wannan zargi daga zuciyarka. Abincin wannan dare, da suke kira nianyefan, shi ne mafi daraja a shekararsu. Saboda shi ne ma'aikata ke rufe masana'anta su cika jiragen ƙasa zuwa garuruwansu a lokacin Bikin Bazara, wato bikin sabuwar shekarar tasu, wanda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Bare ba ya cika samun kujera a teburin nan. Wanda ya zaunar da kai kusa da tsohuwarsa a daren ya riga ya kai ka gida.

Zancen otal kuwa, gidajen birni ƙanana ne, ba sa ɗaukar kakanni da jikoki da surukai a lokaci guda, ga wahalar girki. Shi ya sa iyalai da yawa ke kama ɗaki na musamman a manyan otal irin White Swan da ke tsibirin Shamian, wanda aka buɗe a 1983. Tun da watanni ake kamawa, kuma kuɗi ne mai kauri. Mutuminka ya kashe ne don ya fita kunyar danginsa, da taka.

Tsoronka na abinci yana kan hanya, kuma nan nake so ka buɗe ido. Tun yau ka gaya masa kai Musulmi ne, ka ambaci kalmar qingzhen, wato halal; ka sha ganinta a shagunan abinci na unguwar Xiaobei. Kada ka bari sai ranar, domin an riga an tsara jerin abincin. Alade ba a yankan nama kaɗai yake ba: akwai kitsensa a miya, akwai giyar girki. Pencai, wato babban kaskon da ake jera abinci iri-iri hawa-hawa a ciki, wanda mutanen lardin Guangdong, inda Guangzhou yake, ke ji da shi, yawanci da alade a ƙasansa. Ka roƙi kifin da aka turara ba giya, da jatan lande, ganye da shinkafa. In aka ɗaga kofi, ka ɗaga na shayi. Su ma al'adarsu ta san da haka.

Kifin nan, kada ka cinye shi tas. Sunansa a bakinsu ya yi kama da kalmar rara, don haka suke barin saura, fatan shekara ta zo da yalwa. Ka riƙe lemon zaƙi a matsayin tsaraba, ban da agogo. Yara kuma ka sa musu sababbin takardun kuɗi a jan ambulan, ka guji adadin da ke da 4, don furucinsa ya yi kusa da na mutuwa. Ka fara gaida tsohuwar kafin kowa, ka ce mata xinnian kuaile, wato barka da sabuwar shekara.