Tambaya da Amsa: "Is" ko "Are" Bayan Adadi?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na wata lise a Maraɗi, ina shirin jarrabawar BAC. Malaminmu na Ingilishi ya ja jan biro a kan jimlolina biyu, "The informations are useful" da "Ten thousand francs are too much". Ina kuskuren yake, alhali duka biyun abubuwa ne masu yawa?

Amsa: 'Yata, a jimlar farko Faransanci ne ya ja ki. Shi yana cewa "les informations", "les conseils", "les bagages", duk a jam'i, amma Ingilishi yana ɗaukar information, advice, luggage da furniture a matsayin sunayen da ba a ƙirga su, don haka ba a liƙa musu "s", kuma aikatau ɗinsu na tilo ne: "The information is useful". Hausa ma tana ƙara rikita ɗalibi a nan, tunda mun saba cewa "kayan sun iso", sai hannu ya rubuta "the luggage have arrived" inda ya kamata a ce "has arrived". Har news, duk da "s" ɗin da ke ƙarshenta, "is" take ɗauka. Idan kina son ƙirgawa, sai ki ce "two pieces of advice".

Jimla ta biyu dalilinta daban ne. Adadin kuɗi, na lokaci ko na nisa, idan dunƙule shi aka yi, abu guda ne. Mai cinikin atamfa a babbar kasuwa da ta ce "jaka goma ta yi yawa" farashin take nufi, ba takardun kuɗin ɗaya bayan ɗaya ba. Haka nan "Ten thousand francs is too much" da "Three hours is enough".

Inda na fi son ki natsu shi ne a lot of, some of, half of da kaso cikin ɗari, domin su ba su da hukunci na kansu, sunan da ya biyo baya ne ke zaɓar aikatau: "Half of the millet is sold", amma "Half of the traders are from Katsina". Ki kuma rarrabe "A number of students are absent", wato ɗalibai da dama, da "The number of students is 60", inda adadin kansa ake magana a kai. Masu shirya tambayoyin jarrabawa suna yawan ɗana tarko da waɗannan biyun.