Kaset ɗin dainaso na tsohon gida: yadda za a kuɓutar da shi, da yadda za a kalle shi

Tambaya: Malam, na tarar da kwalin kaset-kaset na bidiyo a ɗakin marigayi mahaifinmu. A ciki akwai fina-finan Turawa irin na dainaso, waɗanda jirgi ke ɓata a teku mutane su faɗa tsibirin dodanni. Ina son in mayar da su cikin waya don yarana su gani. Ta ina zan fara? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba. Kafin ka nemi na'ura, fara da duba kaset ɗin kansa. Ɗaga shi a haske ka leƙa ta tagar robar nan ta gaba. In ka ga fari-fari kamar gari a jikin naɗin zaren, fumfuna ce, kada ka kuskura ka sa shi a bidiyo. Zai ɓata kan na'urar, sannan duk kaset ɗin da ya biyo baya ya kwashi rabonsa. Irin wannan sai mai gyara ya buɗe ya goge. Wanda ka ga zarensa baƙi wul, a naɗe tsaf, shi za ka fara da shi.

Na'urar bidiyo kuwa sai tsohuwa, domin kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina tun 2016. Masu gyaran rediyo da talabijin na cikin kasuwa sukan ajiye ɗaya ko biyu. Ka sa a gwada maka ita da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, don wata takan cinye zare.

Sai ƙaramar na'urar ɗaukar bidiyo ta USB, irin su EasyCap. Tana da bakuna uku: rawaya na hoto, fari da ja na sauti. Ka haɗa su da bayan bidiyon, ka soka ta a kwamfuta, ka buɗe manhajar OBS Studio, kyauta ce. Ɗaukar ba ta da gajeriyar hanya: fim ɗin awa ɗaya da rabi zai ci awa ɗaya da rabi, don haka ka tabbata kwamfutar da bidiyon suna kan wutar da ba za ta yanke ba.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne tsarin hoto. Kaset ɗin da aka yi wa Najeriya ko Ingila PAL ne, sai ka saita 720x576, hoto 25 a daƙiƙa. Na Amurka NTSC ne, 720x480. In ka sa kaset ɗin Amurka a bidiyon PAL, sau da yawa hoton zai fito ba launi a kwamfuta. Nemi zaɓin PAL-60 a saitin na'urar, launin kan dawo. 'Yan'uwanmu na Nijar su lura, tsofaffin kaset ɗinsu na iya zama SECAM, shi ma yana yin haka. In hoto na rawa da zane-zane a ƙasa, taɓa maɓallin tracking har ya natsu. In kuwa hoton yana haske yana duhu da kansa, kariyar Macrovision ce da kamfanin fim ya sa don hana kwafi, ba lalacewa ba ce. Ka gama, ka matse fayil ɗin da manhajar HandBrake zuwa MP4, ka tura waya. Na kallon gida ne, ba na sayarwa ba.

Tambaya: Ƙanena ya aiko min da faifan DVD na irin waɗannan fina-finai daga Amurka, amma na'urata ta ƙi karɓa. Jabu ne? — Wata mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Hajiya, da wuya ya zama jabu. An raba duniya shiyya-shiyya ne a harkar DVD: Amurka shiyya ta 1, Turai ta 2, mu nan Afirka ta Yamma ta 5. Duba bayan kwalin, za ki ga lamba a cikin ɗan hoton duniya. Gwada shi a kwamfuta da manhajar VLC, galibi yakan buɗe. In kwamfutar ta nemi ki canza shiyya, ki yi hattara, sau 5 kawai ake yarda, daga nan ta kulle a ta ƙarshe.

Tambaya: Na sayi sabuwar talabijin mai faɗi, amma tsofaffin fina-finan dainaso sun koma abin dariya. Dodon kamar roba, mutanen sun yi ƙiba, motsin ma wani iri. Wani ya ce in sa manhajar AI ta gyara su. Ya ka gani? — Mai karatu daga Jos

Amsa: Ɗan'uwa, ƙibar mai sauƙi ce. Kaset da tsofaffin faifai an yi su ne don allon 4:3, talabijin ɗinka kuma 16:9 ce, sai ta ja hoton ya cika gefe da gefe. Mayar da saitin allo zuwa 4:3 ko Original, ka haƙura da baƙaƙen ginshiƙai biyu a gefe.

Maganar roba kuwa, ai robar ce. Masu waɗannan fina-finai ba su da kuɗi, kuma ba kwamfutar da za ta zana musu dodo. Wannan sai a Jurassic Park na 1993 ya zama ruwan dare. Dabarunsu uku ne. Wasu su sa mutum cikin rigar roba ko su yi 'yar tsana da ake juyawa da hannu, kamar yadda kamfanin Amicus na Ingila ya yi a The Land That Time Forgot a tsakiyar shekarun 1970. Wasu su kamo ƙadangaru masu rai su manna musu ƙaho da ƙaya a baya, su ɗauke su daf da kyamara, kamar a The Lost World na 1960. Wannan ni ban taɓa jin daɗinsa ba, don dabbobin sun sha wuya. Ta uku ita ce mai daraja: a ƙera ɗan mutum-mutumin da bai wuce tsawon hannu ba, mai ƙashin ƙarfe a ciki, a lanƙwasa wuyansa kaɗan a ɗauki hoto ɗaya, a ƙara motsa jela a sake ɗauka. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, ka lissafa abin da minti ɗaya zai ci. Willis O'Brien ya yi haka a The Lost World na farko, na 1925, Ray Harryhausen ya gaje shi, Planet of Dinosaurs na 1977 kuma kusan duk ɗan kuɗinsa a wannan aikin ya tafi.

To, talabijin ɗinka tana ƙirƙiro hotuna na ƙarya tana cusawa tsakanin na gaskiya don motsi ya yi santsi. LG na kiran abin TruMotion, Sony Motionflow, Samsung Auto Motion Plus ko Picture Clarity. A wasan ƙwallo yana da amfani. A kan aikin hannu irin wannan kuwa ɓarna yake yi, domin ɗan tsalle-tsallen motsin nan shi ke ba dodon nauyi da kwarjini. Kashe shi. Rage sharpness ya kusa sifili, kashe rage-ƙura (noise reduction), in akwai Filmmaker Mode zaɓe shi.

Manhajar AI ban ba ka shawara ba. Hoton kaset ba shi da bayanin da take nema, sai ta yi ƙage: fuskokin mutane su yi sumul kamar an shafa musu kakin zuma, fatar dodon da mai ƙira ya zauna yana sassaƙa wa ɓawo ɗaya-ɗaya ta narke. In tsabtar hoto kake so, nemi bugun Blu-ray da aka ɗauko daga asalin fim ɗin, ka tabbata na shiyyar B ne, wadda ta haɗa Afirka da Turai. The Lost World na 1925 ɗin kuma haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka, yana nan kyauta a shafin Internet Archive.