Amsa ga ƙanenmu mai yawon kamfen a Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi

Ƙanena, sannu da haƙuri. Ka ce kana bi gareji-gareji kana nema wa ɗan takararku ƙuri'a, sai makanikai 'yan'uwanka suka ce su ba za su zaɓi ɗan arewa ba, wai mu 'yan zango ma baƙi ne, shi ne kake tambaya ko ka rama ko ka haɗiye. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar, don ni ma an yi mini.

Lokacin sabuwar rajistar masu zaɓe ta 2020 ne, da Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba shaida ba ce, sai Ghana Card (katin ɗan ƙasa) ko fasfo, ko mutum biyu su tsaya maka. Ina kan layi a unguwar Asawase da Ghana Card ɗina a hannu, wakilin wata jam'iyya ya cike fom ɗin ƙalubale a kaina, wai ni ba ɗan ƙasa ba ne. Kuma ba wani ba ne, mai walda ne da rumfarsa ke jikin tawa. Mutumin da duk babbar salla sai na aika masa da nama. Da uwarsa ta rasu har ƙauyensu na je da gudummawata. Ya ƙi haɗa ido da ni, yana ta rubutu, yarana na aiki suna kallo. Haka na je gaban kwamiti ana yi mini tambaya kamar ɓarawo: ina aka haifi babanka, kakanka fa? Kakana da fataucin goro ya kawo shi Kumasi tun zamanin Turawa, kabarinsa na nan a Tafo! An ba ni katin zaɓena, amma har yau mutumin nan bai ce mini yi haƙuri ba. Aron guduma dai yana zuwa.

To kada ka haɗiye, amma kada ka yi a gaban taro. Cikin abokansa ba mai sauka daga maganarsa. Bari sai ya rage shi kaɗai a ƙarƙashin mota. Ni tambaya ɗaya nake yi musu: a danginku wa ya dawo daga Legas a 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori 'yan Gana? Da wuya ka samu gidan da babu. Sai in ce to haka Firaministan Gana Busia ya yi wa namu a 1969 da ya kori baƙi, mako biyu aka ba mutane su tattara, ƙanen kakata ya sayar da gidansa a wulaƙance ya tafi, bai sake dawowa ba. Nan jikinsu ke sanyi. Daga nan ka koma kan kuɗin wuta da harajin kayan gyara a tashar jiragen ruwa ta Tema, abin da ke cin ku duka.

Ka tuna musu kuma a 2024 Mahama ɗan Bole ne, Bawumia ɗan Walewale, manyan jam'iyyun biyu duk ɗan arewa suka tsayar.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma na cikin gida ne. 'Yan siyasa ba sa tuna zango sai sun zo neman majiya ƙarfi ranar zaɓe, ko sun kawo shinkafa da sukari da azumi. In manyan jam'iyyarku suka yi irin wannan magana a ofis, nan ne za ka ɗaga murya. Mu ma, ka ji abin da ake faɗa kan Fulani a majalisar shayi ta Aboabo, da yadda ake tsawa wa 'yan matan kayayei masu dako a kasuwar Kejetia? Ranar nan sai da na tashi na bar shayina.

Kuma don Allah kada ka shiga Magazine kai kaɗai da rigar jam'iyya bayan la'asar. Ka tafi da wani Ba'asante cikinku, ka bar shi ya fara magana.