In Dahomey: Wai 'Yan Dahome Ne Suka Kai Wasa Fadar Sarkin Ingila?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina ajin ƙarshe a sashen nazarin wasan kwaikwayo, kuma kundina a kan wasan barkwanci mai waƙe-waƙe ne. A babi na biyu na rubuta cewa makaɗa da 'yan rawa daga ƙasar Dahome ne suka ƙirƙiro wasan In Dahomey, Turawa suka kwashe su zuwa Landan a 1903 suka yi a fadar Sarki. A wani shafin tarihi na Facebook na gani. Mai duba aikina ya ja jan biro a kan shafin, ya rubuta "gyara", bai ƙara komai ba. Saura mako uku in miƙa, hankalina a tashe yake. Don Allah ina kuskuren? Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Kwantar da hankalinka, ɗana, mako uku ya ishe ka. Amma malaminka ya yi maka sassauci, da ni ne babin duka zan soke. Landan daidai ne, 1903 daidai ne, fadar ma an je. Sauran ƙanzon kurege ne.

Baƙaƙen fatar Amurka ne suka rubuta wasan nan, su suka yi shi. Will Marion Cook, wanda ya koyi goge na Turawa a Berlin, shi ya tsara kiɗan. Jesse Shipp ya rubuta labarin, Paul Laurence Dunbar na cikin masu baitocin. Taurarin su ne Bert Williams, haifaffen Nassau a tsibiran Bahamas, da George Walker, da matarsa Aida Overton Walker. An gwada wasan a Stamford ta jihar Connecticut a 1902, ya shiga New York ranar 18 ga Fabrairu 1903, aka yi shi sau 53. Darajarsa a tarihi ita ce shi ne cikakken wasa irin wannan na farko da baƙaƙe suka rubuta suka kuma nuna a babban gidan wasa na Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York.

An ce suna linzami ne, to kai linzamin ne ya ja ka rami. Kuma ba kai kaɗai ba. Kusan kowane zangon karatu sai wani ya kawo mini wannan magana, wani lokaci har da tsohon hoto na mutane sanye da fatu, an rubuta a ƙasa wai "kakanninmu a gaban Sarkin Ingila". Masu shafukan nan ba su taɓa buɗe wasan ba. Sun ga sunan ƙasa maƙwabciya, Jamhuriyar Benin ta yau, sai suka ɗinka labari mai daɗin ji, dubban mutane suka tura.

Ga yadda Dahome ta shigo. A shekarun 1892 zuwa 1894 Faransa ta ci masarautar da yaƙi, ta kori Sarki Behanzin zuwa Martinique, sunan ƙasar ya cika jaridun Turai da Amurka. A babban baje kolin Chicago na 1893 an kafa "ƙauyen Dahome" inda ake biyan kuɗi a kalli mutane kamar kayan kallo. A 1894 aka shirya irinsa a San Francisco, sai 'yan Dahomen ainihi suka makara a hanya. Masu baje kolin suka ɗauki baƙaƙen gari haya su yi shigar Afirka kafin su iso, cikinsu har da Williams da Walker, samari masu neman na abinci. Da mutanen gaske suka zo aka sallame su. Walker da kansa ya ba da labarin daga baya, ya ce sun riƙa komawa suna nazarin baƙin nan, da niyyar wata rana su kai Afirka kan dandamali.

Ka ga illar ƙaryar? Ta haɗe masu kwaikwayo da waɗanda aka kwaikwaya ta mai da su abu ɗaya. Na taɓa ganin kundin da aka ɗauki raye-rayen wasan nan a matsayin shaidar rawar gargajiya ta Fon, ƙabilar masarautar Dahome. Subhanallah! Rawar da ta fi tashe a cikinsa, cakewalk, a gonakin bayi na kudancin Amurka aka haife ta, taƙama ce ta kwaikwayon tafiyar iyayen gida. Labarin ma a Boston ya fara, ya bi ta Florida, kan wasu 'yan damfara biyu da ƙungiyar masu son komawa Afirka. Dahomen da ke ciki ta mafarki ce. Williams kuwa, duk da baƙar fata ne, sai ya shafa baƙi a fuska yake fitowa, saboda abin da 'yan kallo farare suka saba gani ke nan. Wanda ya ce wannan al'adar Abomey ce, babban birnin tsohuwar masarautar Dahome, ya zalunci mutanen Abomey, ya kuma ƙwace wa su Cook guminsu. Wai a hakan kishin Afirka ake yi.

Batun Landan gajere ne. Sun buɗe a gidan wasa na Shaftesbury ranar 16 ga Mayu 1903. A ranar 23 ga Yuni aka gayyace su fadar Buckingham, bikin cikar jikan Sarki Edward na Bakwai shekara tara, yaron da ya zama Edward na Takwas. Daga nan kasuwa ta buɗe, suka yi kusan wata bakwai a birnin, suka zagaya garuruwan Ingila da Scotland, suka koma Amurka a 1904. Ka bi taswirar tafiyar, ba Kwatano, ba Abomey.

Kada ka jefar da babin. Sauya tambayarsa: me ya sa jikokin bayi suka zaɓi sunan Dahome, kuma me Bature ɗan Landan ya ɗauka yana kallo? Wannan ya fi abin da ka rubuta nauyi. Ka cire hoton Facebook ɗin, duk shekarar da ka sa ka nuna littafi da shafin da ka samo ta, sannan ka kai wa malaminka kafin Juma'a.