Tambaya da Amsa: Me ya canza halin rafin lambuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Aboabo da ke Kumasi a Gana, amma lambuna yana ƙauye ta wajen Bokankye, a bakin wani ɗan rafi mai gangarawa kogin Owabi. A da, ko a tsakiyar hunturu ruwansa ba ya yankewa. Yanzu Janairu na kamawa sai yashi, in kuma aka tafka ruwa a Yuni sai ya taso ja wur ya kwashe mini kabeji. Ruwan sama ne ya canza?
Dattijo mai lambu, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya mayar maka da alheri. Ni dai tudu nake zargi kafin in zargi sama. Kumasi har yanzu damina biyu take samu, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba.

Ran da aka yi ruwa, ka sa takalmin roba ka bi rafin ka haura. Za ka ga ƙananan kwaruruka suna shigo masa dama da hagu. Ka bi ɗaya har inda ƙasa ta daina hawa, inda ruwan da ke gaban ƙafarka ya juya wani gefen. Nan ne iyaka. Duk abin da ke tsakanin wannan tudu da lambunka, gona ce, masallaci ne ko garejin mota, ruwan da ya sauka a kansa cikin rafinka yake gangarowa.

Lokacin da wurin ke daji da gonakin koko, ganye da saiwa suna tare ruwa, ƙasa ta sha ta ƙoshi, sannan ta riƙa tsatso shi kaɗan-kaɗan ta idon ruwa har rani ya wuce. Yau an yanka filaye, an kafa kwano, an shafe tsakar gida da siminti. Ruwan da ya kamata ya yi watanni a ƙarƙashin ƙasa, cikin awa guda yake isowa gare ka. Jan da ka gani kuwa, ƙasar filayen da aka share ce. Ambaliyar Yuni da ƙafewar Janairu ciwo ɗaya ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda lakar take zuwa. Tana kwanciya a madatsar Owabi, wadda aka gina tun 1928, kuma ita da ta Barekese da ke kan kogin Ofin su ne ke ba famfunan Kumasi ruwa. Ba don komai aka sa Owabi cikin wuraren Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya, a 1988 ba sai don a kare daji da fadamar da ke kewaye da madatsar. Rafin unguwarku na Aboabo kuwa wata hanyar ya bi: daga Pankrono ya ratsa Moshie Zongo da Anloga, ya haɗu da rafin Sisa, su faɗa kogin Oda. Duk da haka ruwansa da na Owabi a kogin Ofin suke haɗuwa, daga nan sai kogin Pra, sai teku a garin Shama.

Baba, ka ja kunyoyinka baya, ka bar aƙalla mita 10 daga gaɓa, kamar yadda tsarin kare bakin ruwa na Gana na 2011 ya nema. Ka bar ciyawa ta tsaya a wurin, ka dasa gora, kada ka wanke tankin feshi a cikin rafi. Sannan ku haɗu da maƙwabtanka na sama ku je wajen sarkin ƙauyen, domin shi ke da ta cewa a kan filayen da suka rage ba a yanka ba.