Baba yana ɗakin tiyata, mu muna bakin ƙofa

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Garwa: Likita, an yi wa Babanmu aikin sankarar babban hanji. An ce mana awa uku za a yi, sai da muka share awa shida a kan benci. Inna ta daina magana, carbi kawai take ja. Alhamdu lillahi ya fito, amma an ce mu jira sakamakon naman da aka cire. Daɗewar nan tana nufin ciwon ya yi nisa ne?

Amsa: Sannunku da jinya, 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Na san bencin nan. Ni ma na taɓa zama a kansa ranar da aka shiga da mahaifiyata, kuma karatun likitancina bai hana gabana faɗuwa ba duk lokacin da ƙofa ta motsa.

Ku kuna fara ƙirga lokaci tun da aka tura gadon ciki, shi kuwa likita daga sa wuƙa yake lissafi. Kafin nan sai an sa robar ƙarin ruwa, an yi allurar barci, an sa bututun numfashi da na fitsari, an wanke fatar ciki. Wannan kaɗai yakan ci kusan awa guda. Da an buɗe, ba ƙarin kawai ake yankewa ba. Ana cire shi tare da lafiyayyen hanji ta kowane gefe, a bi kaluluwar da ke kewaye a kwashe, domin ana son a samu aƙalla 12 a duba. Sannan a haɗa bakin hanji biyu a ɗinke a tsanake, don ɗinkin da ya yi yoyo babbar matsala ce. Idan an taɓa yi wa mutum aiki a ciki, hanjin yakan manne da juna, sai an bi a hankali an raba. Bayan an rufe kuma akwai zaman farfaɗowa na awa ɗaya ko biyu. Kin ga ke nan daɗewa ita kaɗai ba ta nuna komai. Sau da yawa alama ce ta likita mai natsuwa.

Sakamakon da kuke jira shi ne zai faɗi gaskiyar lamari. Daga nan Arewacin Kamaru sau da yawa sai an aika naman Yawunde, ya ɗauki mako biyu, uku, ko fiye. Zai nuna ko an cire ciwon kakaf, da ko ya shiga kaluluwa. Idan ya shiga, za a ba shi maganin sankara na jijiya, kuma an fi so a fara cikin mako shida zuwa takwas bayan aiki. Don haka ku wakilta mutum ɗaya ya riƙa bibiya, ya riƙe takardu duka a jaka ɗaya.

Kafin nan, ku taimaka masa ya taka ko da zuwa bakin ƙofa ne, kada tausayi ya sa ku bar shi kwance, kwanciyar ce take daskarar da jini a ƙafa. Zazzaɓi, kumburin ciki, amai, ruwa ko mugunya daga ɗinki, kumburin ƙafa ɗaya, haki: kowanne kuka gani, ku sanar da likita a ranar. Inna kuma a sa mata ido ta ci abinci. Masu jinya sukan manta da kansu.

Tambaya daga wani matashi a Marwa: An tabbatar Mamanmu tana da sankarar mama, an sa ranar aiki. Kawunmu ya ce da zarar ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya fantsama, gara a kai ta wurin mai magani. Ita kuma ba mu gaya mata sunan ciwon ba.

Amsa: Ƙanena, wannan magana ta Kawu ta ci mana mutane da yawa, kuma tana ɓata mini rai duk lokacin da na ji ta. Na san inda ta samo asali. Mace takan ɓoye ƙullutu shekara guda, a yi ta shafe-shafe da tsaga, sai ya fashe a kawo ta asibiti. A lokacin ciwon ya riga ya kai huhu ko ƙashi. In ta rasu bayan aiki sai a ɗora wa wuƙa laifi, alhali jinkiri ne. Sankarar mama da aka cire da wuri tana cikin waɗanda aka fi samun nasara a kansu. Ka ɗauki Kawu da girmamawa ku je wurin likitan tare, ya ji da kunnensa. Addu'a da sadaka kuwa ku yawaita, ba su hana tiyata.

Ku gaya wa Mama. Jikinta ne, kuma ina tabbatar maka ta riga ta zargi wani abu. Bai kamata ta farka ta tarar an cire mata mama ba tare da saninta ba. Ban da haka, wataƙila a buƙaci gasa wurin ciwon da na'urar haske a Babban Asibitin Duwala, tafiyar da sai an bi ta Ngaundare an kwana a jirgin ƙasa. Wanda bai san ciwonsa ba, da wuya ya jure wannan wahalar.

Tambaya daga wani magidanci a Kusiri: Jibi za a yi wa tsohona aiki a Njamaina. Me za mu tanada?

Amsa: Jini tukuna, Malam. Ku je da mutum biyu ko uku masu lafiya, 'yan shekara 18 zuwa sama, masu nauyin kilo 50 ko fiye, su bayar tun kafin ranar. Ku nuna wa likitan barci duk abin da yake sha, na hawan jini, na sukari, asfirin, har da jiƙe-jiƙen gida, kada ku ji kunya. Abinci kuma a tsayar aƙalla awa shida kafin aiki, ko yadda suka umarta. Na taɓa ganin an ɗage aikin wani dattijo saboda 'yarsa ta ji tausayinsa ta ba shi kunu da asuba. Abin da ke cikin ciki yana iya dawowa ya shiga huhu yayin da yake barci. Ku tsallaka gadar Kusiri zuwa Njamaina tun ana gobe, ku kwana kusa da asibitin.