Muna biyan tikiti kullum a Legas, ina kuɗin ke tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai shagon hatsi ne a nan Legas. Muna biyan kuɗin shago da na shara, ga tikiti kullum, amma a ƙaramin asibitin unguwarmu sai an rubuta maka magani ka sayo a waje, kwata kuma duk damina sai ta cika ta shigo mana gida. Ina kuɗin ƙaramar hukuma ke zuwa, kuma yaya za a yi a sa bukatunmu a lissafi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Da farko ka duba rasit ɗin da ake ba ka. Ba duk tikitin da ake yanka a kasuwa ko tasha ne ke shiga aljihun ƙaramar hukuma ba, da yawa na ƙungiyoyin kasuwa ne da na direbobi. Kuɗin shara kuma galibi na kamfanonin da ke kwashe ta ne ƙarƙashin LAWMA, wadda hukumar jiha ce.

Babban kuɗin ƙaramar hukuma daga Abuja yake fitowa. A rabon asusun tarayya na wata-wata, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari, sannan kashi 35 cikin ɗari na harajin VAT. To Legas tana da nata sha'anin. Kundin tsarin mulki na 1999 ƙananan hukumomi 20 ya san da su a jihar. A 2003 gwamnatin Bola Tinubu ta ƙirƙiro wasu 37, waɗanda yanzu ake kira LCDA, wato yankunan raya ƙasa da kundin bai lissafa su ba, har Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, sai bayan hawan marigayi Umaru Musa 'Yar'adua a 2007 aka kammala sakinsu. Har yau kason ƙananan hukumomi 20 ɗin ake aikowa, a raba shi gida 57. Kafin a kai ga maganin asibiti da yashe kwata, albashin ma'aikata da na malaman firamare ya riga ya lashe kaso mai yawa. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Hukunci ne mai kyau, sai dai aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne ɓangarenta na biyu. Jami'in da ke tsara kasafi ba ya zagayawa gida-gida, abin da ke rubuce a gabansa yake bi: mutum nawa ne a mazaɓar, yara nawa aka yi wa rajistar haihuwa, mata nawa suka je awon ciki. Ƙidayar 2006 ta ba Legas mutum miliyan 9 da 'yan kai, jihar ta ce ita miliyan 17 da rabi ta lissafa. In jiha guda tana kukan ba a ƙirga ta daidai ba, ina ga mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, waɗanda da yawa iyalinsu na gida Arewa, katin zaɓensu ma na can? Sai mutum ya shekara ashirin a unguwa, ya biya duk abin da aka ce ya biya, amma babu sunansa a takardar da ake rabon aiki da ita. Wannan yana ci mini rai, domin gyaransa a hannunmu yake.

Ku yi rajistar mazauna Legas a hukumar LASRRA, ku yi wa yara takardar haihuwa, wanda ya zauna daram ya dawo da katin zaɓensa mazaɓar da yake kwana. Sannan ku shiga ƙungiyar ci gaban unguwa, wato CDA, domin ta nan ƙaramar hukuma ke sauraren jama'a a hukumance. Sarkin Hausawa yana da girma kuma ana jin maganarsa, amma in aka tafi fada da baki kawai, magana takan tsaya a gaisuwa. A rubuta bukata ɗaya ko biyu, da sunan layi da yawan gidajen da abin ya shafa, a kai wa kansila da ofishin ciyaman, a karɓi kwafi mai hatimi. Lokaci ma yana da muhimmanci: shekarar kasafi daga Janairu take farawa zuwa Disamba, don haka takardarku ta isa tun wajen Agusta ko Satumba, kafin a rufe daftari.

Kwata kuwa ku tantance ta wa ce. Ƙananan magudanan cikin layi na ƙaramar hukuma ne, manyan hanyoyin ruwa na ma'aikatar muhalli ta jiha ne da ke Alausa. Batun magani kuma, kafin kasafi ya zagayo, ku je asibitin ku tambayi yadda ake shiga inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko, wadda hukumar jiha mai suna LASHMA ke gudanarwa. Akwai tsarin mutum ɗaya, akwai na iyali.